Kirarin Na Sama da Shaidar Na Ƙasa

A ƙasar Zuru, in aka tayar da maganar soja, da wuya a rasa wanda zai ce kakansa ya je yaƙin Bama, ko mahaifinsa ya yi yaƙin basasa, ko ƙaninsa yana Barno a halin yanzu. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin wannan ƙasa aikin soja, musamman Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, har mutane kan ce wanda ya yi golmo, ya share shekara bakwai yana yi wa surukai noma kafin a ba shi mata, babu atisayen da zai razana shi. Marigayi Sarkin Zuru, Muhammadu Sani Sami, Manjo Janar ne mai ritaya. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ɗan ƙasar nan ne. Amma akasarin waɗannan mutane da ƙafa suka yi yaƙinsu. Jirgin yaƙi kuwa, mu mutanen Dirin Daji da kewaye daga ƙasa muka san shi. Ƙararsa muke ji, mu ɗaga kai, wani lokaci da murna, wani lokaci da faɗuwar gaba.

Shi ya sa littattafan da matuƙan jiragen yaƙi suka rubuta a kan rayuwarsu suke ba ni sha'awa, suke kuma hana ni sakewa. Tambayar da nake so mu juya ita ce: in mutum ya gwanance a aikin da ya ƙunshi kisa daga nesa, ya nuna jarumtar da babu mai musunta, sannan ya zauna ya ba da labarin kansa da kansa, da wane ma'auni za mu tuna da shi? Kuma wa ya isa ya ba da shaidarsa?

Mu fara da gida. An kafa rundunar sojan sama ta Najeriya a 1964, Jamus ta Yamma ce ta turo masu horaswa, kuma shugabanninta biyu na farko Jamusawa ne. Na biyunsu, Wolfgang Thimmig, wanda ya riƙe rundunar daga ƙarshen 1965 zuwa farkon 1966, matuƙin jirgin yaƙi ne a rundunar Hitila. Aikinsa shi ne tashi cikin dare ya tare jiragen Ingila masu ɗauke da bama-bamai, kuma an lissafa masa harbo jirage sama da 20. To, ga ƙulli tun daga bakin ƙofa. Jiragen da yake harbowa birane suke zuwa ƙonawa, da mata da yara a ciki. Abin da suka yi wa Hamburg a 1943 ya ci rayuka wajen 40,000 cikin 'yan kwanaki. Wanda ya tare irin wannan jirgi ya ceci rai. Amma duk daren da ya yi nasara, ya ƙara wa mulkin Hitila kwana, mulkin da a daidai wannan lokaci yake hallaka miliyoyin mutane a sansanoni. Dukan maganganun biyu gaskiya ne, kuma sunan mutumin yana nan a jerin shugabannin rundunarmu, ɗaya ba ta share ɗaya ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sararin samaniyarmu ya zama mahaɗar irin waɗannan mutane. A watan Agusta na shekarar aka sauke jiragen MiG na Tarayyar Sobiyat a filin jirgin Kano, kuma da yake matuƙanmu ba su da yawa, Misirawa da sojojin haya na Turai ne suka tuƙa da yawa daga cikinsu. A ɓangaren Biyafara kuwa akwai Jan Zumbach, mutumin Folan. A Ingila da ƙasarsa gwarzo ne: yana cikin matuƙan Folan da suka kare Landan a 1940, lokacin da aka ƙwace tasu ƙasar. Bayan yaƙi ya shiga fasa-ƙwauri, ya yi wa Tshombe aiki a Katanga, sannan ya kawo wa Biyafara wani tsohon jirgi samfurin B-26 yana amfani da sunan John Brown, ya kai hari filin jirgin Makurdi. A 1973 ya fitar da littafin rayuwarsa da Faransanci. Mai karatu a Turai zai gan shi ɗan duniya mai ban dariya da rashin tsoro. Mai gadin filin jirgin Makurdi, da an tambaye shi, ɗan haya zai ce, wanda aka biya ya zo ya jefa masa wuta a kan rigimar da ba tasa ba. Littafi ɗaya ne ya fito, kuma ba mai gadin ne ya rubuta ba.

Labarin Carl Gustaf von Rosen ya fi wannan wuyar yanke wa hukunci. Basarake ne daga Suwidin. Tun yana saurayi ya tuƙa jirgin ɗaukar marasa lafiya a Habasha lokacin da Italiya ta mamaye ta a 1935. A watan Agusta na 1968 ya ratsa da jirgin kayan agaji ƙasa-ƙasa ya sauka a Uli, a lokacin da yunwa ke cin yara a yankin Biyafara. Abin da ya gani a can, har da bama-baman da jiragen tarayya suke sakarwa a garuruwa da kasuwanni, ya sa ya koma ya samo ƙananan jirage biyar na koyon tuƙi, aka ɗaura musu rokoki, ranar 22 ga Mayu 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, daga baya Benin da Inugu. Mutumin da ya zo da madara ya dawo da roka. Ya mutu a 1977 a Gode, cikin Habasha, yana aikin kai wa mayunwata abinci. Ba kuɗi ya nema ba, wannan kam ko maƙiyansa ba su cika musu a kai ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta canza abin da roka ke yi in ta sauka ba, kuma akwai masu ganin duk abin da ya ƙara wa Biyafara ƙarfin ci gaba da yaƙin da ba za ta ci ba, ƙara wa yunwar kwana ya yi.

Makonni biyu bayan harin Fatakwal, ranar 5 ga Yuni 1969, wani jirgin MiG-17 na Najeriya ya harbo jirgin agaji na Red Cross a kusa da Eket, mutum huɗu da ke ciki suka mutu. Hujjar gwamnatin tarayya ita ce filin Uli ɗin nan da ake sauke abinci, a nan ake sauke makamai, a dare ɗaya, ta hanya ɗaya. Wannan ba ƙarya ba ne. Abin da ya biyo baya shi ma ba ƙarya ba ne: Red Cross ta dakatar da jigilarta, abincin da ke isa ga yara ya ragu. Wanda ya danna kunamar, a idon abokan aikinsa, ya yi aikin da aka tura shi, ya kuma yi shi da gwaninta. In ya rubuta littafi, shafi nawa yaran za su samu?

A nan ne nake ganin al'adarmu ta riga ta ba mu abin awo, mu ne ba mu ɗauko shi ba. Bahaushe ya san kirari. Ɗan dambe yana yi, maharbi yana yi, ɗan tauri yana yi. Mutum zai tsaya a fage ya ce shi ne kaza, ya kashe wane a gari kaza, ya kori wane. Ba wanda ke kiransa maƙaryaci, don kowa ya san kirari ba shaida ba ne; hanya ce ta tsuma kai da tsorata abokin karawa. Ba wanda kuma zai kai kirari gaban alƙali a matsayin hujja. Sannan ɗan dambe a gaban jama'a yake kisa: in ya ce ya kayar da wane, akwai ɗaruruwan da suka ga ƙasa ta taɓa shi ko ba ta taɓa ba, ga makaɗi, ga wanda aka kayar ɗin ma da ransa, gobe yana iya dawowa ya rama. Matuƙin jirgin yaƙi ba shi da 'yan kallo. Abin yana faruwa cikin daƙiƙoƙi, a gudun da ido ba ya riƙewa, ya ga hayaƙi, ya juya, ya koma gida ya ce ya harbo. Littafinsa kirari ne da aka sa wa rigar shaida, aka buga shi da kwanan wata da taswira da hotuna, shi ya sa muke karanta shi kamar tarihi.

Ba zargi nake yi ba tare da dalili ba. Ranar 15 ga Satumba 1940, ranar da Ingila ke tunawa da ita a matsayin ƙololuwar yaƙin sararin samaniyarta, an sanar da cewa an harbo jiragen Jamus 185. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, sai aka ga wajen 60 ne. Matuƙan ba ƙarya suka shirya ba. Mutum uku za su harbi jirgi ɗaya, kowa ya rantse shi ya kayar da shi. Wani jirgin ya yi hayaƙi ya nutsa cikin gajimare, ya lallaɓa ya isa gida. Haka abin yake a kowane ɓangare. In lissafin jirage, abin da ake iya ƙirgawa, ya ninka sau uku a bakin masu gaskiya, ina ga lissafin abin da bam ya samu a ƙasa, wanda matuƙin bai ma tsaya ya gani ba?

Shi kansa lissafin yana da wani aiki da yake yi wa zuciya. Ana cewa Richthofen 80 a yaƙin duniya na farko, Galland 104, Hartmann 352, kamar ana lissafin ƙwallayen da ɗan wasa ya ci. Jirage ake ƙirgawa, ba mutanen da ke ciki ba, alhali wani jirgin mutum bakwai ne a cikinsa, wani goma. Adolf Galland, wanda ya shugabanci jiragen yaƙin Hitila, ya fitar da littafinsa a 1953, aka fassara shi, ya yi kasuwa ƙwarai. Ya zama aminin waɗansu matuƙan Ingila da suka yi yaƙi da shi, irin su Douglas Bader, har ya ba da shawara a fim ɗin da aka yi a kan yaƙin a 1969. Hoton da ya fito shi ne na mahaya dawaki masu mutunta juna, suna karawa can sama inda babu laka, babu gawar yaro, babu siyasa. Laifi duk na Goering ne da manyan da ba su san aiki ba. Wannan abota tana da daɗin ji, kuma ban raina ta ba; yafiya tsakanin tsofaffin abokan gaba alheri ce. Sai dai matuƙi ya yafe wa matuƙi abin da ke tsakaninsu. Ba shi da hurumin yafewa a madadin matar da rufin ɗakinta ya rufta mata.

To, sai mu watsar da littattafan? A'a. Akwai abin da ba wanda zai iya faɗa sai wanda ya zauna a wannan kujera: tsoro, gajiya, yadda ake karin kumallo da mutum da safe a kwashe kayansa da yamma, yadda umarni ke zuwa daga wanda bai taɓa tashi ba. Kyaftin August Okpe, ɗaya daga cikin 'yan Biyafara da suka tashi tare da von Rosen, ya rubuta nasa, kuma duk ɗan Arewa da ke son fahimtar yadda wancan ɓangaren ya ga yaƙin zai ƙaru da irinsa. Mutum yana da haƙƙin kare sunansa. Janar Bamaiyi, bayan ya yi shekara takwas da ɗoriya a tsare kotu ta sallame shi a 2008, ya fitar da littafi a 2017 wanda sunansa kawai ya nuna wanke kai ne manufarsa, aka kuma yi ta muhawara a kansa a jaridu. Wannan daidai ne: ya faɗi nasa, waɗanda ya ambata suna da baki da alƙalami, su faɗi nasu. Bambancin da ke tsakaninsa da matuƙin jirgi shi ne, waɗanda matuƙi ya shafa ba janar-janar ba ne. 'Yan kasuwa ne, manoma, masu tallar ƙosai. Ba su da mawallafi.

Ko a cikin soja ma rabon bai zo daidai ba. Dubban 'yan Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, da mutanen ƙasar nan a cikinsu. A kwarin Kaladan, jirgi ne yake jefo musu abinci da harsashi, su kuma suna ɗaukar kaya a ka cikin daji da ruwan sama. Shagunan littattafai na Ingila cike suke da tarihin matuƙa. Tsohon sojan da ya dawo Zuru ko Sakaba da lambar yabo a aljihu, labarinsa a gindin bishiya ya ba da shi, ya tafi da sauran kabari. Matuƙi ɗan makaranta ne, hafsa ne, ya iya rubutu, kuma yaƙinsa yana da fasalin labari: mutum ɗaya, jirgi ɗaya, abokin gaba ɗaya. Na sojan ƙasa tafiya ce da zazzaɓi da jira. Ba jarumta ce ta bambanta su ba, alƙalami ne.

Wani zai ce, ai an hore mu da ambaton mamaci da alheri, me ya sa za a tono wa wanda ya riga mu gidan gaskiya? Maganar tana da nauyi, kuma ba na son in wuce ta da sauri. Amma akwai tazara tsakanin yi wa mamaci addu'a da ɗora sunansa a ƙofar bariki. Na farko tsakaninsa da Ubangijinsa ne, mu dai fatan rahama ne namu. Na biyu magana ce da rayayyu: muna ce wa kurtun da ya shigo yau, ga wanda za ka yi koyi da shi. Jamusawa sun yi wannan gardama a kan Werner Mölders, matuƙin da ya fara haura 100 a lissafi, wanda ya mutu a haɗarin jirgi a 1941. Shekaru da yawa wata rundunar jiragensu tana ɗauke da sunansa. A 1998 majalisarsu ta yanke cewa a daina karrama waɗanda suka yi aiki a rundunar da Hitila ya tura Sifen ta taya Franco yaƙi, rundunar da ta ragargaza garin Guernica a 1937. A 2005 aka cire sunan. Tsofaffin matuƙa suka fusata, suna cewa Mölders bai isa Sifen ba sai 1938, bayan an gama da Guernica, kuma ba a san shi da wani mugun aiki na kansa ba. A kan kwanan wata suna da gaskiya. Amma ni ina ganin cirewar daidai ce, don ba hukunci aka yanke wa ransa ba; cewa aka yi gwaninta kaɗai ba ta isa ta sa a zama abin koyi ba, sai an tambayi wa aka yi wa aiki da ita. Iyalinsa suna da damar son sa. Ƙasa ba dole ba ne ta sa yaranta su sara masa.

Jarumta, in an duba, ba ta zaɓar gida. Ɗan fashi ma yakan yi ta. Abin da muke yabo a jikin jarumi shi ne ya sa ransa a haɗari saboda wani, kuma wannan "wani" shi ne rabin maganar da littattafan suka fi yin shiru a kai. In na karanta matuƙi yana bayanin yadda ya kutsa cikin ruwan harsashi, ina jinjina masa. In na kai ƙarshen babin ban ga ya tambayi kansa abin da ke ƙarƙashin hayaƙin ba, sai in san kirari na saurara, in ajiye shi a inda ake ajiye kirari.

Wannan ba tsohon zance ba ne a wurinmu. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe sama da 60. Duk wanda ya kwana a wannan yanki a irin waɗannan ranaku ya san yadda ake roƙon Allah ya kawo jirgi, ya san kuma yadda zuciya ke sanyi in an ji ƙararsa ta nufi daji. Ba zan yi rowar godiya ga yaran da ke tuƙa su ba. Waɗansu sun tafi ba su dawo ba. Amma jirgin da ake roƙo shi ne ya sauka a kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann ranar 17 ga Janairu 2017, ya kashe fiye da mutum 100, har da ma'aikatan agaji, daga baya hukumar tsaro ta ce ba a sa alamar sansanin a taswira yadda ya kamata ba. A Tudun Biri, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ne ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne 85. A can ma matuƙin ba ya cikin jirgin. Yana zaune wani wuri gaban allo, ko haɗarin da ke sa a ce wa mutum jarumi babu a kansa.

Nan da shekara ashirin hafsoshin wannan yaƙi za su yi ritaya, littattafai za su fito, za a yi bikin ƙaddamarwa a Abuja, manya su sayi kwafi da miliyoyi. Ina fata su rubuta, ina kuma fata mu karanta. Abin da zan nema a ciki shi ne ranar da aka yi kuskure: wa ya ba da bayanin, wa ya ce a saki, me aka gani a allo, me aka ce da aka dawo. Matuƙin da ya rubuta wannan babi da sunan ƙauyen da adadin mutanen, ya fita daga kirari ya shiga shaida, kuma shi ne zan so a sa wa titi sunansa. A ɗaya gefen, yau kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar murya. Tsohuwar da ta tsira a Rann, da sauran tsofaffin sojan basasa da ke zaune a Zuru da Dabai da Dirin Daji, jikokinsu suna iya zaunar da su su naɗi abin da suka gani, da harshensu, tun suna da rai.

Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo wani jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ana bin sa da harbi, ya ɓuya har rana ta faɗi, ya bi taswirar wayarsa cikin duhu har ya isa wurin sojoji. Ya cancanci yabon da aka yi masa, kuma in ya rubuta littafi zan saya. Sanarwar rundunar ta ce ya fake ne a ƙauyukan da ke kusa. Na 'yan sa'o'i, na sama ya zama na ƙasa, yana jin ƙarar babura kamar yadda muke ji, ransa yana hannun mutanen da daga sama ɗigo-ɗigo ne kawai. Su kuma suna nan a ƙauyukansu bayan an ɗauke shi, da 'yan bindigar da suka neme shi suka rasa a maƙwabtaka.